Rigar 'Yan Daji

Alhaji Manu ya kira ni a waya wata ranar Talata da hantsi, ina tsugune ina gyara wa matata Fiddausi murhu. Ko gaisuwata bai tsaya ya amsa da kyau ba.

"Ashafa, baƙi na tahe jibi. Ɗan ƙanwata ne Abdullatif, da matarshi, da abokinshi, daga Legas. Nan Dutsin-Ma za su yi sanyin bana. Ka share masu ɗakunan nan biyu."

"Waɗanda muke ciki, Alhaji?"

"To da waɗanne? Ku koma na baya, wata biyu ne ko uku. Kuma don Allah kar a dame su da koke-koke, hutu suka zo yi."

Na ce to. Me zan ce? Gidan nasa ne. Ya fara gina shi a gindin dutse don ya zuba 'yan jami'a, sai aiki ya tsaya, shi kuma yana can Kaduna. Ɗaki shida ne, amma biyu kawai aka yi wa silin da ƙofa da taga. Sauran huɗun kwano ne a sama, ramuka a bango, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ni kuwa shekara biyu ke nan da na baro ƙauyenmu can bayan Rawayau a ƙasar Kurfi, bayan ɓarayin daji sun shigo mana sau uku a damina ɗaya. Na fito da mahaifiyata Inna da Fiddausi, kowa da ƙullinsa a ka. Alhaji ya ba mu wurin zama, ni kuma ina yi masa gadi.

Ranar Laraba muka kwashe komatsanmu muka koma baya. Na toshe tagogi da buhunan taki, na rataya tabarma a bakin ƙofa. Inna tana da ciwon ƙirji, duk shekara idan sanyi ya sauko sai ya tayar mata. Ta dubi kwanon da ke samanta ta ce, "Ba komi, ai mun kwana inda bai kai nan ba." Wannan ba komin nata ya fi ɓata mini rai da a ce zagina ta yi.

Baƙin suka iso ranar Alhamis bayan la'asar, a ƙafa tun daga tasha, wai sun ƙi hawa babur don su ga gari. Na ga jakunkuna a rayuwata, amma ban taɓa ganin jakar da ta ɗara mai ita tsawo ba sai ranar. Kowannensu na goye da tasa, ga igiyoyi na lilo, ga kofin ƙarfe a rataye yana ƙara, ga takalma masu ƙaton gindi. Abdullatif dogo ne mai fara'a, irin mutanen nan da ke dariya kafin su gama magana. Matarsa Yasmin ta ɗora rigar sanyi a kan hijabi. Abokin, Zaharaddin, mai tabarau ne, kuma tun daga bakin ƙofa ya fara ɗaukar hoton bangon gidan kamar bai taɓa ganin bulo ba.

Na tambayi Abdullatif abin da ya kawo su.

"Hawan dutse, Malam Ashafa."

"Sai kuma mi?"

"Shi ke nan! Za mu hau wannan na bayan gida, mu je na wajen Kurfi, mu zaga duk inda akwai dutse. A Legas zafi ya ishe mu. Muna son sanyin Arewa."

Suna son sanyi. Na tsaya ina kallonsa. Ga mutane lafiyayyu, da gidajensu da katifunsu, sun ɗaure duniyarsu a baya sun fito yawo don marmari. Ni da na san nauyin kaya a hanya, na san yadda wuya ke ƙagewa tsakanin Rawayau da bakin titi, tun a ranar na ji ba na ƙaunarsu. Ba su yi mini komai ba tukuna, amma haka na ji, kuma ba zan ɓoye ba.

A unguwarmu akwai ƙa'ida tun da abubuwa suka lalace: duk wanda ya yi baƙon da zai kwana biyu, sai ya kai shi gaban mai unguwa, Malam Muhammad Sani, a san sunansa da inda ya fito. Ni ne a gidan, ni ya kamata in kai su. Na san da haka sarai. Na ce gobe, goben ta zo na ce jibi, daga nan na yi kunnen uwar shegu da maganar. In dangin mai gida ne, mai gidan ya zo ya kai su.

Su kuwa suka baje kolinsu. Da sassafe za su dafa shayi a wani ɗan murhun gas da bai fi gwangwanin madara ba, su goya jakunkuna su haye dutse, sai azahar su sauko. Da yamma su shiga gari suna gaishe da kowa da ƙarfi. Hausarsu irin ta 'yan Agege na Legas ce, tana tafiya tana tuntuɓe, rabinta Turanci. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fara ɗaure wa mutane fuska shi ne tambayoyinsu. Zaharaddin zai tsaya a teburin mai shayi ya ce, "Akwai hanyar da ke bi ta bayan dutse zuwa Makera, wadda ba ta bi ta titi?" Ko kuma, "Wane lokaci ne babu mutane sosai a can sama?" A ƙasarmu yanzu ba a yin irin wannan tambaya. Wanda ya yi ta, sai kowa ya tuna yana da wani aiki a gida.

Cikin mako guda aka daina amsa musu sallama da baki, sai da ka. Mai kanti ya fara ce musu babu, alhali ga kayan a kan kanta. A masallaci aka riƙa barin tazarar mutum guda tsakanin Abdullatif da na kusa da shi. Ɗan'auta, shugaban 'yan sintirin unguwa, ya tare ni a hanya.

"Ashafa, su wa ka aje muna a gindin dutse?"

"Ni na aje? Baƙin Alhaji ne."

"Mi suke nema bisa dutse kullum da na'urar hange?"

"Ka tambaye su mana. Ni ma gani nike."

Da na so, jimla biyu sun isa in wanke su. Ban so ba.

Ranar da Yasmin ta yi wanki ne na ga rigunan. Fiddausi ce ta fara gani, ta yafito ni da hannu. A kan igiyar shanya ga riguna uku baƙaƙe masu gajeren hannu, kowace da zanen dutse a ƙirji, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta da manyan fararen baƙaƙe: 'YAN DAJI. Su ne suke sawa a ciki kullum, rigunan sanyi ke rufe su.

Abdullatif ya fito ya tarar muna kallo. Ya washe baki.

"Kun ga sunan ƙungiyarmu? Mu wajen talatin ne a Legas. Duk ƙarshen mako muna shiga daji, muna hawan dutse, shi ne abokanmu suka ce ku dai 'yan daji ne. Sai muka buga a riga. Ya yi kyau ko?"

A nan, ko yaron goye ya san su wa ake nufi da 'yan daji. Sunan da muke kiran masu zuwa da babura da bindigogi ke nan, waɗanda suka kashe ƙanena a bakin rumbunsa, waɗanda ba a ambatonsu sai an waiga. Shi kuma ga shi tsaye yana jiran in yaba.

"Ya yi kyau," na ce.

Da ya koma ciki Fiddausi ta kama mini hannun riga. "Malam, ka hwaɗa masu. Wallahi ba su sani ba."

"Ni ubansu ne? Mutum ya zo ƙasar mutane bai tambayi halin da suke ciki ba, sai hanyar bayan dutse?"

"Ka ji tsoron Allah."

"Su ma su ji."

Ta so ta faɗa wa Yasmin da kanta, na hana ta, na tuna mata Alhaji ya ce kar a dame su. Bayan kwana biyu Yasmin ta same ni ina faskare, ta ce, "Baba Ashafa, me ya sa mutanen nan ba sa son yi mana magana? Mun yi wani laifi ne?" Idonta ya cicciko. Na ce mata sanyi ne, mutanen nan idan ɗari ya kama su baki ke yi musu nauyi. Ta yi godiya ta tafi.

Sanyi ya ƙara ƙarfi a mako na uku. Buhunan taki ba su tare komai ba. Fiddausi tana saka wa Inna garwashi a kasko, hayaƙin ya ƙara tayar mata da tari, a cire kuma ta kama makyarkyata. Ta daina cin tuwo, sai kunu, shi ma rabin ludayi. Sau biyu na ɗauki waya zan kira Alhaji in roƙi ɗaki guda, in ce namijin da ba shi da mata ai zai iya komawa baya. Sau biyun ina ajiyewa. Shi ma Abdullatif ban iya buɗe baki na roƙe shi ba. Bai ma san daga ɗakin da yake kwana aka tashe mu ba, ya ɗauka tun asali a baya muke. Girman kai ne, na yarda. Mutum in an ƙwace masa gona da gida, abin da ya rage masa ke nan.

Wata safiya na fito zan tafi masallaci sai na ga wasu abubuwa biyu a tsakar gida, ɗaya ja ɗaya shuɗi, kamar an kifa manyan ƙore. Tantuna ne. Na dubi ɗakunan nan biyu, kowanne da kwaɗo a rufe. Da rana ta ɗaga suka rarrafo waje suna dariya, suna busa hannu.

"Malam Ashafa, a waje muka kwana! Muna gwada tantunan kafin mu je Kurfi. Kai, sanyin nan ba wasa!" Abdullatif ya buga cinya. "Amma akwai daɗi, wallahi."

A daidai lokacin tarin Inna ya taso daga baya, irin mai tsawon nan da ba ya tsayawa sai ta rasa numfashi. Ɗaki biyu masu silin sun kwana babu kowa, a kulle, taku goma daga inda uwata ta kwana a zaune. Na jira suka goya jakunkunansu suka haye, sannan na tafi wajen Ɗan'auta.

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, wannan ina nan a kai. Cewa na yi, "In rana ta take, zahi na sa su tuɓe rigunan sanyi can bisa. Ka hau da mutanenka ka karanta abin da ke ƙirjinsu." Abin da na ce ke nan. A zuciyata na lissafa cewa za a tsorata su, su tattara su koma Legas ɗinsu, mu koma ɗakinmu.

Kafin azahar aka sauko da su. Labari ya riga su isowa ƙasa, kuma kafin ya iso ya yi ƙiba: an kama 'yan daji uku da rigar aikinsu, har da mace, da na'urar da suke nuna wa 'yan uwansu gari. Unguwa ta fashe. Masu faskare, masu babur, mata a bakin ƙofa, har waɗanda ban taɓa gani ba. 'Yan sintiri sun sa su a tsakiya, amma hannaye na shiga ta tsakaninsu. Wani ya kwaɗa wa Zaharaddin gora a kafaɗa, tabaransa ya faɗi aka tattake. Leɓen Abdullatif ya fashe, jini na zuba a kan fararen baƙaƙen nan. Yasmin ta ƙanƙame masa hannu tana ta salati. An farke jakunkunan, an watsar da kofuna da igiyoyi da safa a kan hanya ana neman bindiga.

Ina cikin taron. Da aka fara ihun "Ba mu son baƙi! Ba mu son baƙi!" na ji bakina yana yi tare da su, kuma na ji daɗin yin sa. Shekara biyu ina haɗiye abu, ranar na samu inda zan amayar.

Allah ya sa Malam Muhammad Sani yana gida. Ya fito ya tsaya a bakin zaurensa, ya sa aka shigar da su bayansa, ya ce duk wanda ya ƙara ɗaga hannu sai ya fara da shi. Ya karɓi katunansu na shaida ya duba. Ya kira Alhaji Manu a waya, ya buɗe murya kowa na ji, Alhaji yana rantsuwa yana faɗin sunan uwar Abdullatif da na kakansa, waɗanda tsofaffin wurin suka sani. Sannan mai unguwa ya juya ga Abdullatif ya nuna ƙirjinsa.

"To wanga hwa? Kai ba ka san mi ake nuhi da shi ba a ƙasar nan?"

Abdullatif ya yi bayanin ƙungiyarsu da Hausarsa mai tuntuɓe. Wani tsoho ya yi tsaki ya ce su ana kashe su, wasu na buga riga. Sai idon Abdullatif ya faɗo kaina a cikin mutane, fuskarsa ta saki kamar ya ga ɗan uwansa.

"Ga Malam Ashafa nan! Ku tambaye shi, shi ne shaidarmu. Ya ga rigunan tun tuni, har ya ce sun yi kyau. Da akwai matsala ai da ya gaya mana. Ko ba haka ba, Malam Ashafa?"

Ba zargina yake ba. Da gaske yake, ceto yake nema a wurina. Aka juyo ana kallona. Mai unguwa ya tambaye ni ko gaskiya ne, na ce gaskiya ne. Ya ce me ya hana ni kawo su gabansa mako uku, na sunkuyar da kai. Wayar tana nan a buɗe a hannunsa, Alhaji yana jin komai.

Mutane ba su watse ba, don rai in an tayar da shi ba ya kwanciya da katin shaida. Sai mai unguwa ya yanke abin da zai sallame su. Ya ce baƙin nan ba su da laifi, amma don lafiyarsu gobe da safe su kama hanya. Kuma daga yau duk wanda ba haifaffen unguwar ba ne, sai mai gidan da yake zaune ya tsaya masa da bakinsa, wanda bai samu mai tsaya masa ba ya tashi. Aka yi kabbara. Ni ma na yi, kunnena bai ɗauki komai ba sai maganar tafiyarsu gobe da safe.

Washegari suka tafi a motar haya da ta zo har ƙofar gida. Abdullatif ya miƙo mini makullan ba tare da ya dube ni ba. A daren ne aka warware masa yadda abin ya faru, na gani a fuskarsa. Yasmin ta tsaya ta leƙa ɗakin baya ta gaishe da Inna, ta ga buhunan taki da kaskon garwashi, ta daɗe a tsaye a wurin. Da ta fito ta wuce ta shiga mota.

Ko ƙarar motar ba ta ɓace ba Fiddausi ta share ɗaki, muka kamo Inna muka kwantar da ita, muka rufe taga. Bayan azahar na fita sayo mata magani ina jin kaina wasai. A hanya aka ce mai unguwa na nemana.

Na same shi a zaure da littafi a buɗe, Ɗan'auta na gefensa.

"Ashafa, kai ba ɗan unguwar nan ba ne."

"Malam, shekara biyu ina nan. Kowa ya san ni."

"An san ka. Wa ke tsaya maka?"

"Alhaji Manu mana."

"Na kira shi da sahe. Ya ce shi bai tsayawa mutumin da ya ga ɗanshi zai faɗa rami ya ce mashi ya yi kyau. Ya ce in amshi makullan gidan yau, kahin magariba."

Na juya wajen Ɗan'auta. "Kai ka san don unguwa na yi. Ka hwaɗa mashi."

Ɗan'auta ya ɗaga kafaɗa. "Ni abin da na sani, tun tuni kana ganin rigar ka yi shiru. Kuma kai ma ai daga can wajen ka hito. Mu ba mu san wa ka baro a baya ba."

Na roƙa. Na ambaci Inna, na ambaci ƙirjinta, na ce a ba ni ko zuwa ƙarshen sanyi. Malam Muhammad Sani ya ce wallahi yana tausaya mini, amma doka jiya aka yi ta a gaban jama'a, kuma ya ga bakina cikin masu kabbara.

Na dawo gida da la'asar sakaliya, maganin na aljihuna. Fiddausi ta tare ni a tsakar gida da yatsa a leɓe.

"Yi a hankali," ta ce da raɗa. "Tun da ka hita take barci. Ko tari ɗaya ba ta yi ba."

Na tura ƙofar a hankali. Ɗakin da ɗumi. Inna ta miƙe ƙafafunta sosai, bakinta a ɗan buɗe, numfashinta na fita sumul, rabon da in ji shi haka tun kafin sanyi ya sauko. Na tsaya a kanta har aka fara kiran magariba a masallacin unguwa, sannan na durƙusa na taɓa mata ƙafa.

"Inna," na ce. "Inna, tashi."